Zunubin Kaka da Bashin Jika

A titin Brunnenstrasse da ke tsakiyar Barlin, daidai ƙofar gida mai lamba 193, akwai ɗan faifan tagulla da aka dasa cikin daɓen hanya. Santimita 10 ne ta kowane gefe, bai wuce tafin hannu ba. Mai sauri zai taka shi ya wuce bai sani ba. Wanda ya tsaya ya sunkuya zai ga sunan Mahjub bin Adam Mohamed, wanda aka fi sani da Bayume Mohamed Husen. An haife shi a Darussalam a 1904, lokacin da ƙasar ke hannun Jamus, ya shiga rundunar Jamusawa yana yaro a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zo Barlin a 1929 neman haƙƙin aikin sojansa, aka hana shi. Ya zauna yana hidima a gidan abinci, yana koyar da Swahili, yana fitowa a fina-finai. A 1941 aka kai ƙararsa cewa yana hulɗa da Bajamushiya, abin da 'yan Nazi ke kira gurɓata jini. Ko shari'a ba a yi masa ba, aka tura shi sansanin gwale-gwale na Sachsenhausen, can ya rasu a Nuwamban 1944. Sai a 2007 aka dasa faifan da ke ɗauke da sunansa.

Jamusawa na kiran waɗannan faifai Stolpersteine, wato duwatsun tuntuɓe. Gunter Demnig, mai fasahar sassaƙa, shi ya ƙirƙiro su. Na farko ya dasa shi a gaban ofishin magajin garin Kolon a Disamban 1992, na 100,000 kuma a Nuremberg a Mayun 2023. Galibi rubutun yana farawa da cewa a nan wane ya zauna, sai shekarar haihuwa, ranar da aka tafi da shi, da inda aka kashe shi. Ba gwamnati ke zaɓen sunayen ba. Maƙwabta ne, ko 'yan makaranta da malaminsu, ko 'yan coci, suke tona tsoffin takardu har su gano wanda ya zauna a gidan kafin a zo a ɗauke shi, su haɗa kuɗi, su nemi izinin hukumar gari.

A Oktoban 2024 mutanen Zeitz, wani ƙaramin gari a gabashin ƙasar, suka wayi gari suka tarar an haƙe duka goman da ke titunansu. Ramuka aka bar musu.

Mai haƙe sunan mamaci da dare ba ya tsayawa a yi muhawara da shi. Amma akwai masu faɗin maganar da rana tsaka, a kan dandamali, kuma ƙuri'unsu ƙaruwa suke yi. A Janairun 2017, a Dresden, Björn Höcke, jagoran jam'iyyar AfD a jihar Thuringia, wanda tsohon malamin tarihi ne a sakandare, ya ce Jamusawa kaɗai ne al'ummar da ta kafa wa kanta abin tunawa na kunya a tsakiyar babban birninta, ya nemi a juya akalar tunawa da tarihi gaba ɗaya. Yana nufin filin nan mai ginshiƙan kankare 2,711 da aka buɗe a Barlin a 2005 domin Yahudawa miliyan shida da aka kashe. A 2018 Alexander Gauland, ɗaya daga cikin shugabannin jam'iyyar, ya kwatanta zamanin Hitila da kashin tsuntsu a cikin shekara dubu ta tarihin nasara. A Janairun 2025 attajirin nan Elon Musk ya yi wa taron jam'iyyar a Halle jawabi ta bidiyo, ya ce an cika mayar da hankali kan laifin baya, kuma bai kamata 'ya'ya su ɗauki zunubin iyaye ba, balle na kakannin iyaye. Wata guda bayan haka AfD ta samu kashi 20.8 cikin ɗari a zaɓen tarayya, ta zo ta biyu. A 2017 kashi 12.6 take da shi.

Wannan magana ta ƙarshe ba a ture ta da tsawa, domin addini ya riga Musk faɗin ta. Alƙur'ani ya maimaita a wurare biyar cewa ba a ɗora wa mutum kayan zunubin wani. A Littafi Mai Tsarki ma, babi na 18 na littafin Ezekiyel kacokan a kan haka yake: ɗa da laifinsa, uba da nasa. Bahaushe ya taƙaita, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Yarinyar da aka haifa a Leipzig a 2005 ba ta kashe kowa ba, kuma duk wanda ya ce laifin yana cikin jininta, ma'aunin 'yan Nazi ya aro, don su ne suka ce da jini ake gane mai laifi.

Wanda ya fara tsefe wannan tambaya da kyau shi ne Karl Jaspers, masanin falsafa a jami'ar Heidelberg. Matarsa Gertrud Bayahudiya ce, ya ƙi rabuwa da ita, aka raba shi da aiki a 1937, kuma an sa ranar tafiya da su a Afrilun 1945, sai sojojin Amurka suka shigo garin a ƙarshen Maris. A lacca da ya yi a hunturun farko bayan yaƙi, wadda ta fito a littafi a 1946, ya ce kalmar laifi tana ɗauke da abubuwa huɗu da ake cakuɗawa. Akwai laifin da kotu ke hukuntawa, na wanda ya aikata. Akwai alhakin siyasa, wanda ke kan kowane ɗan ƙasa saboda abin da gwamnatinsa ta yi da sunansa, ko ya zaɓe ta ko bai zaɓa ba. Akwai na ɗabi'a, tsakanin mutum da zuciyarsa: ya gani ya kau da kai, ya ji ya yi shiru. Na huɗun ya fi wuyar faɗa, shi ne nauyin da ke kan wanda ya rayu alhali an kashe wasu a gabansa, kuma Jaspers ya ce wannan Allah kaɗai ke hukunci a kansa. Ya ƙi yarda a ce al'umma gaba ɗaya mai laifi ce irin laifin kotu. Haka kuma ya ƙi yarda mutum ya fake da haka ya tsere wa alhakin siyasa. Jama'a ba su yi maraba da shi ba, a 1948 ya koma Basel a Suwizalan.

Abin da Jaspers ya yi wa dogon bayani, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin jana'iza a ƙasar Hausa ya san shi. Kafin a watse, wani daga dangi zai tashi ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Ba wanda ke cewa magada sun ci zunubin mamaci. Amma ba a raba gado sai an fitar da bashi, kuma in aka samu gonar ƙwace a cikin dukiyar, ba ta zama halal don ta faɗo hannun ɗan da bai san yadda aka same ta ba. Zunubi yana bin mai shi kabari, bashi kuwa yana nan manne da abin da ya bari. A nan hujjar masu kishin ƙasa ke karyewa. Suna so su gaji marubuci Goethe da mawaƙi Bach, su gaji harshe da masana'antu da sunan Jamus, su ce “namu ne” alhali ba su suka yi ba. In aka zo kan shekaru 12 daga 1933 zuwa 1945, sai su ce ai ba a haife su ba. Lokacin Goethe ma ba a haife su ba.

Kuma bashin ba na baki ba ne, na kaya ne da ake taɓawa da hannu. Lokacin da ake kwashe Yahudawa, ana yin gwanjon kayan gidajensu a bainar jama'a: gadaje, kujeru, kwanoni, kekunan ɗinki, har kayan yara. Masanin tarihi Frank Bajohr ya ƙiyasta cewa a Hambug da kewayenta kaɗai, mutum aƙalla 100,000 sun sayi irin waɗannan kaya. Ba 'yan sandan ciki ba ne, matan gida ne da ƙananan 'yan kasuwa da suka ga araha. Wasu kabad ɗin suna nan a falon jikoki. Kamfanoni ma haka, sun yi arziki da gumin mutanen da aka kamo daga Folan da Tarayyar Sobiyet aka sa su aikin dole, kuma sai a 2000 gwamnati da kamfanoni suka haɗa Mak biliyan 10 domin biyan waɗanda suka rage da rai. Fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka karɓa, mafi yawan waɗanda aka sa aikin kuwa sun riga sun mutu ba su ga ko sisi ba.

Duniya na yaba wa Jamus kamar da kanta ta tashi ta tuba. Ba haka aka yi ba, da ƙyar aka ja ta. A Oktoban 1945 shugabannin cocin Furotesta sun fitar da takardar amsa laifi a Stuttgart, amma ko sunan Yahudawa ba su ambata ba, kuma duk da haka mabiya da yawa sun fusata da su. Shugaban gwamnati Konrad Adenauer ya sa hannu kan biyan diyya ga Isra'ila a 1952, Mak biliyan 3, amma babban jami'in ofishinsa na tsawon shekara goma shi ne Hans Globke, wanda ya taya rubuta sharhin dokokin wariyar jinsi na Nuremberg. Fritz Bauer, babban mai gabatar da ƙara na jihar Hesse, da ya gano maɓoyar Adolf Eichmann, jigo a kisan Yahudawa, a Ajantina, bai amince da hukumomin ƙasarsa ba, sai ya tsegunta wa Isra'ila. Shi ya matsa har aka gurfanar da ma'aikatan sansanin Auschwitz a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965.

Sai ranar 7 ga Disamban 1970. Shugaban gwamnati Willy Brandt ya je Warso, ya ajiye furanni a gaban abin tunawa da boren unguwar Yahudawa na 1943, ya gyara ƙyallen da ke jikinsu, ya ja baya, sai kawai aka ga ya zube a kan gwiwoyinsa a jiƙaƙƙen dutse. Bai ce komai ba. A cikin 'yan siyasar tsaransa, in akwai wanda ba ya da abin roƙon gafara, shi ne: yana da shekara 19 ya gudu Norwe a 1933, ya yi adawa da Hitila daga can, aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa. Ya durƙusa ne a matsayin magajin gida, wanda ya karɓi makulli tare da takardun bashi. Da mujallar Der Spiegel ta tambayi jama'a, kashi 48 cikin ɗari suka ce ya wuce gona da iri, kashi 41 suka ce daidai ya yi.

Akwai kalmar da ke dawowa bakin Jamusawa tun wancan lokaci, Schlussstrich, layin da akawu ke ja a ƙarƙashin lissafi in an gama. Masu neman a ja layin suna cewa an biya, an roƙi gafara, shekara 80 sun wuce, me ya rage? Tambayar da ba su amsawa ita ce, wa ke da ikon jan layin? A Musulunci, tuba kan haƙƙin Allah tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, amma haƙƙin mutum sai an mayar ko mai shi ya yafe. Malaman Yahudawa sun koyar da kusan haka game da ranar kaffararsu: ba ta wanke abin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa sai ya je ya nemi afuwarsa. Simon Wiesenthal, wanda ya tsira daga sansanoni, ya ba da labarin wani matashin sojan SS na 'yan Nazi da ke bakin mutuwa, wanda ya sa aka kira masa Bayahude ko wane ne, ya faɗa masa yadda suka ƙona mutane a cikin gida, ya roƙi ya yafe masa. Wiesenthal ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya fita bai ce uffan ba, kuma abin ya dame shi har ya tsufa. Waɗanda aka ƙona su ne masu haƙƙi, ba su kuma wakilta kowa ba. In wanda aka zalunta tare da su bai ga yana da ikon yafewa a madadinsu ba, da wuya a ce jikan mai laifi yana da ikon rufe littafin da hannunsa.

Inda abin ya fi zafi yau shi ne Thuringia. Weimar, garin marubuta Goethe da Schiller, yana ƙarƙashin tudun da aka gina sansanin Buchenwald a 1937, inda mutum wajen 56,000 suka mutu. A Afrilun 1945 sojojin Amurka suka tilasta wa mazauna garin kimanin dubu su hau tudun a ƙasa su ga gawarwaki, da yawansu suna cewa ba su sani ba. Bayan yaƙi yankin ya faɗa Jamus ta Gabas, wadda ta koya wa yara cewa ita magajiyar 'yan gwagwarmaya ce, 'yan Nazi kuwa suna can Yamma. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sai a Afrilun 1990 zaɓaɓɓiyar majalisarta ta farko ta roƙi gafarar Yahudawa. Wannan kaɗai ba ya bayyana ƙuri'un yau, akwai ɗacin rufe masana'antu da ƙaurar matasa bayan haɗewar ƙasa, kuma AfD na samun ƙuri'a a Yamma ma. Amma a wannan jiha, a Satumban 2024, ta zo ta ɗaya da kashi 32.8, watanni kaɗan bayan kotu ta ci tarar Höcke Yuro 13,000 kan amfani da taken dakarun Nazi. Daraktan gidan tarihin Buchenwald, Jens-Christian Wagner, ya aika wa dattawan jihar wasiƙu kafin zaɓen yana gargaɗinsu, abin da ya biyo baya barazana ce ga rayuwarsa. An kuma sare wasu itatuwan da aka dasa a hanyar sansanin domin tunawa da fursunoni.

Wani rauni kuma a cikin gida yake. Binciken da Harald Welzer da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, mai taken da ke nufin “Kaka ba ɗan Nazi ba ne”, ya nuna jikoki sun san tarihin sosai daga makaranta, amma labarin gidansu yana sauya kama daga baki zuwa baki, har kakan da ya yi shiru ya koma wanda ya ɓoye Bayahude. Ƙasa ta amsa laifi, kowane gida kuma ya wanke nasa. Shi ya sa ɗan faifan ƙofar gida ya fi ginshiƙan Barlin cizo, yana da lambar gida, kuma wani ne ya shiga ɗakin bayan an fitar da mai shi.

Ko a kan faifan ma ba a haɗu ba. Birnin Munik ya hana dasa su a titunan hukuma tun 2004, musamman saboda Charlotte Knobloch, shugabar al'ummar Yahudawan birnin, wadda ta tsira tana yarinya a ɓoye a gidan gona. Ta ce ba za ta yarda a sake tattaka sunayen da takalma ba. Birnin ya koma sa alluna a bango da ginshiƙai daidai ido. Wannan saɓani ne na masu neman yadda za a girmama mamaci, ba ya kama da na masu haƙewa. Garin Wunsiedel kuwa, inda aka binne mataimakin Hitila, Rudolf Hess, ya gaji da jerin gwanon 'yan sabuwar Nazi. A Nuwamban 2014 mazauna suka yi alkawarin ba da Yuro 10 kan kowace mita da masu jerin gwanon suka taka, aka tara Yuro 10,000, aka miƙa wa ƙungiyar EXIT mai taimakon masu son fita daga wannan aƙida.

Sai dai mai biyan bashi ba ya zaɓen wanda zai biya. Tsakanin 2000 da 2007 wata ƙungiyar 'yan sabuwar Nazi ta kashe mutum goma, takwas 'yan asalin Turkiyya, kuma shekara da shekaru 'yan sanda suna zargin iyalan mamatan, har gaskiya ta fito a 2011. A Oktoban 2019 ƙofar katako ce ta hana ɗan bindiga shiga wurin ibadar Yahudawa a Halle, ya kashe mutum biyu a waje. A Fabrairun 2020 wani ya kashe mutum tara 'yan asalin waje a Hanau. Ƙiyayya ɗaya ce take sauya wanda za ta ci. Duk wanda baƙin cikin Gaza ya sa yake ganin Hitila da sauƙi, ya koma ya karanta sunan da ke ƙofar gida mai lamba 193.

Ita ma gwamnatin Jamus akwai abin da ya kamata ta karanta. Kisan ƙare dangin da sojojinta suka yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908, sai a 2021 ta kira shi da sunansa a hukumance, ta yi alkawarin Yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30 a matsayin tallafi, ta guje wa kalmar diyya, kuma shugabannin ƙabilun da dama sun ce ba a zauna da su ba. Shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel, ta faɗa a majalisar Isra'ila a 2008 cewa tsaron ƙasar yana cikin ginshiƙan manufar Jamus. Ranar 12 ga Janairun 2024 Jamus ta ce za ta mara wa Isra'ila baya a ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai kotun duniya kan Gaza, kuma ranar ta zo daidai da cikar shekara 120 da fara yaƙin Herero. Fadar shugaban Namibiya na lokacin, Hage Geingob, ta yi tir da matakin. Bashin da Yahudawa ke bin Jamus gaskiya ne, ba ya raguwa da wannan. Amma darasin da aka ɗauko daga Auschwitz, in bai hana mutum kau da kai daga yaron da ke ƙarƙashin ɓaraguzai ba, an rage masa tsawo, kuma Jamusawa da Yahudawa da yawa sun faɗi haka a cikin Jamus ɗin kanta.

Gidan ma ya samu sababbin magada. Navid Kermani, marubuci Musulmi da aka haifa a Jamus, iyayensa 'yan Iran, ya ba da labarin ziyararsa Auschwitz, inda ake manna wa baƙo 'yar takarda a ƙirji mai nuna harshen da za a yi masa bayani. Tasa ta ce Jamusanci. Kakanninsa ba su da hannu a komai, amma ya ce a nan ya ji ya zama Bajamushe sosai, don harshen da yake rubutu da shi, da shi aka ba da umarni a wurin.

Shaidu suna ƙarewa. Irmgard Furchner, wadda ta yi aikin buga tafireta a sansanin Stutthof tana budurwa, an same ta da laifin taimakawa wajen kisan mutum fiye da 10,000 a Disamban 2022, tana da shekara 97, ta rasu a farkon 2025. Margot Friedländer, wadda ta tsira ta koma Barlin a 2010 tana zagaya makarantu, ta rasu a Mayun 2025 tana da shekara 103. A Zeitz, gudummawar da ta shigo bayan satar ta ninka abin da ake bukata sau da yawa, kuma an mayar da faifan goma a ramukansu. Tagulla tana dushewa da ruwa da ƙura, don haka duk ranar 9 ga Nuwamba, ranar da aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a 1938, mutane kan fito da tsumma da man goge ƙarfe, su durƙusa a bakin titi su goge sunayen.